Ya Ƙi Cin Fatur Da Babana

Masu karatu, ku matso kusa, yau kaina a ɗaure yake kuma ban ga mai kwance mini shi ba. Ga wanda yau ya fara leƙo shafin nan, sunana Ilaf, 'yar Malam Jatau. A Gadarif aka haife ni, a nan aka haifi Baba ma. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya iso nan ya ga dawa ta yi kyau, ya ce bari ya ɗan huta. Har yau hutun nan muke yi.

Duk tsawon hutun nan ba mu taɓa mallakar ko katanga ba. Gidan da na buɗe ido a ciki na haya ne: gutiyya biyu, wato ɗakunan nan masu zagaye da jinkar ciyawa, sai rumfa a tsakar gida inda Umma take toya kisra ta sayarwa, wainar dawar nan mai faɗi marar kauri, sai randa biyu a gindin darbejiya. Mai gidan mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Amma da yaƙi ya koro 'yan uwansa daga Madani, yara da tsofaffi suka cika masa gida har zaure, sai ya zo ya durƙusa gaban Baba yana ta murza hula, ya ce in an gama kaka yana son wurinsa. Baba ya ce hakkinsa ne. Umma ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Haya kuwa a garin nan yanzu, in kin ji abin da ake nema a ɗaki ɗaya sai ki zaci da mai ɗakin za a haɗa miki.

Allah ya sa sunanmu ya shiga cikin aikin wata ƙungiya da ba ta neman riba, wadda take taimaka wa marasa gida su gina nasu. Ta samo fili a bakin gari wajen dutse, ta kawo siminti da kwanon rufi da wani inji na hannu da yake matse ƙasa ta zama bulo. Namu shi ne gumi, sauran kuma a biya sannu a hankali in an shiga. Dokokinsu ba su da yawa amma ba sa lanƙwasuwa. Kowane gida zai kawo mutum biyu duk ranar aiki. Mutum biyun nan dole 'yan gida ne, ba a ɗauko ɗan haya, don in aka bari masu hali za su sayi gumin wasu su sha gaban talakawan da aka yi abin dominsu. Sannan ba wanda ya san gidan da zai zama nasa sai an gama duka an jefa ƙuri'a. Don haka in kin ga dama ki ɗora bulo a karkace, ki dai tuna wataƙila ke za ki kwana a ƙarƙashinsa.

Mu biyun gidanmu ni ce da yayana Naziru. Baba bayansa ya tafi tun zamanin da yake dakon buhuna a kasuwar hatsi, yanzu zuwa kawai yake ya zauna a inuwa yana gini da ido. Umma ta gwada, hawan jini ya kwantar da ita, likita ya ce kada ta sake. Ni da nake tsakiyar karatu a jami'a kafin komai ya tsaya cak, sai ga ni da tsohuwar abaya na ɗaure ƙugu da ɗankwali, ina loda ƙasa a inji. Lallen hannuna ya daɗe da yin bankwana.

To, sai riɗi ya nuna. Ku da ba ku san nomansa ba, riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke ba, kwanson fashewa yake ya zubar da komai a ƙasa. Yankan nan kuwa shi ne abin da gidanmu yake ci har wata daminar. Dole Naziru ya bi motar 'yan aiki zuwa wata babbar gona wajen Mafaza. Ranar da zai tafi yana cusa lauje a buhu na tare shi.

“Yaya, aikin ginin fa? In na je ni kaɗai cire mu za su yi.”

“Na samo mai tsaya mini.”

“Wa?”

“Tukur.”

“Tukur ɗan gidanmu ne?”

“Ke dai kin cika tambaya,” ya ce, ya saɓa buhunsa.

Tukur abokin Naziru ne tun suna yara, raksha yake ja, keken nan mai ƙafa uku. Shekara da shekaru yana shigowa gidanmu, ya zauna kan tabarma ɗaya da Baba su sa hannu a tire ɗaya, su yi ta gardamar ƙwallo har miya ta huce. In gaya muku gaskiya, duk shekarun nan da za a tsare ni a ce in faɗi ko yana da gemu, sai na yi tunani. Abokin yaya ne kawai, irin wanda ake miƙa wa shayi ba a kalle shi ba.

Washegari ya zo ya kwashe mu a raksha, ni da Baba da Umma da tiren fatur. Fatur shi ne abincin hantsi, shi ne babban cin 'yan aiki a nan, kowane gida da tirensa da inuwarsa. Muna sauka Ustaza Batoul ta tare mu. Ita ce injiniyar ƙungiyar, doguwa, kullum cikin farin tob, lulluɓin matan garin nan, da hular rana a kan mayafi, ba ta da faɗa amma ba a yi mata wasa. Ta dubi Tukur sama da ƙasa.

“Wannan fa? Ina Naziru?”

Kafin in buɗe baki sai na ji muryar Umma a bayana, a natse kamar tana faɗin farashin kisra.

“Ya tafi yankan riɗi. Wannan surukinmu ne.”

Jama'a, ni kaɗai ce 'ya mace a gidanmu. Babu wata da za a ce ita ake nufi. Na saci kallon Tukur, ya sunkuyar da kai yana kallon babban yatsan ƙafarsa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ustaza ta ce mabruk, wato barka, ta wuce. Da na ja Umma gefe na ce wannan wace irin magana ce, sai ta ce, “To me kike so in ce? Maƙwabci?” Ta gyara mayafinta ta tafi inuwa abinta.

Daga ranar nan Tukur ya canza. Da hantsi ya yi aka buɗe tire, Baba ya ɗaga murya ya ce ya zo su ci kamar kullum, sai ya durƙusa daga can nesa ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Ya zagaya bayan tulin bulo ya zauna shi kaɗai, ya ciro gurasa da ya ƙunso a leda. Gobe haka, jibi haka. Gardamar ƙwallo ta mutu. In Baba ya biyo ta gabas, Tukur ya tuna yana da aiki a yamma. In zai gaishe shi sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa.

Ku Hausawa ne, kun san me wannan yake nufi. Suruki ba ya cin abinci da uban matarsa, ba ya haɗa ido da shi, kunya ce. Ni ma abin da zuciyata ta fara raya mini ke nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Amma da na zauna na yi tunani sai abin ya rabu mini uku. Ko dai kunyar gaske yake ji saboda yana da niyya. Ko kuma wasan da Umma ta ɗora masa yake bugawa don ya rufa mana asiri. Ko kuma Naziru biyansa ya yi, shi ya sa yake jan jiki kamar kowane ɗan haya, yana jin nauyin cin abincin mutanen da ya san ƙarya suka yi a kansa. Mai raksha da zai bar fasinjan safe ya zo yana cin ƙura a banza, ai dole mutum ya tambayi dalili.

Na tura wa Naziru saƙon murya: “Yaya, don Allah ka gaya mini, biyan Tukur ka yi?” A gonar da yake sai an hau kan tarakta ake samun layi. Da amsar ta zo, ga abin da ya rubuto: “Ke dai bar shi ya yi aikinsa.” Sai fuskar dariya. Na juya saƙon nan ta kowace fuska, bai ce mini komai ba.

Shi kuwa gogan, bari in kwafo muku irin saƙonnin da yake turo mini, ku yi mini alƙalanci.

“Ƙanwar Naziru, gobe a jiƙa bulon layin gabas.”

“Ƙanwar Naziru, an ce siminti ya iso.”

“Ƙanwar Naziru, ki riƙa sa safar hannu.”

Wannan na ƙarshen na kwana biyu ina nazarinsa. Ki riƙa sa safar hannu. Wato ya kalli hannuna ke nan? Ya ga ya faffashe ya ji tausayi? Ko kuwa kowa yake gaya wa haka? Washegari na ji shi da kunnena yana gaya wa wani tsoho ya riƙa sa safar hannu. Na ji kamar in jefa wayar a cikin kwaɓin siminti.

A wurin aiki inji ɗaya muke. Ni in zuba ƙasa in shafe bakin, shi ya danne ƙarfen da duk nauyinsa, bulo ya fito a miƙe, in ɗauka in jera a inuwa. A nan ne na gano yana da gemu, ɗan kaɗan a haɓa, da wani tabo a gefen gira. Na gano in ya gaji waƙa yake yi ƙasa-ƙasa ba ya sanin yana yi. Ƙasar garin nan baƙa ce, da rani ta tsage har ƙafar yaro ta shige, da damina ta kumbura ta tsaga bango, shi ya sa ake haƙa tushe da zurfi a cika da dutse. Na ga yadda yake zaɓar dutsen nan ɗaya bayan ɗaya a gidan da bai san na wa zai zama ba.

Akwai wani gida a ƙarshen layi, da bishiyar aduwa a bayansa. Rannan na kasa yin shiru.

“Ya Tukur, ka ga wancan na gindin aduwa? Shi nake roƙa mana.”

Bai ɗago ba. “Kada ki sa rai a kan guda. In ƙuri'a ta ba ki wani sai ki shiga da ɓacin rai.”

“To kai ba ka taɓa sa rai a kan abin da ba ka da tabbas ba?”

Ya danne ƙarfen, bulo ya fito. Ya daɗe yana duban gefensa kamar yana neman aibu.

“Ƙasar nan ta yi ruwa da yawa,” ya ce. “Ƙara busasshiya.”

Kun ji mutumin da nake fama da shi.

Jiya ana tashi daga aiki Ustaza Batoul ta yafito ni zuwa bayan motar ruwa. Da Larabci ta yi maganar, ni nake juya muku.

“Ilaf, an kawo ƙara gaban lajna. An ce gidanku ɗan haya kuka kawo.”

Lajna su ne dattawan da iyalan suka zaɓa su tsare doka.

“Wa ya ce?”

“Ba wannan ne abin tambaya ba. Cewa suke, wane irin ɗan gida ne ba ya cin abincin gidan? Kowa na gani, ku kuna inuwa, shi yana bayan bulo da gurasarsa. Haka 'yan haya suke yi, mun kama irinsu a baya.”

“Ustaza, al'adarmu ce. Suruki ba ya...”

“Na sani, a cikin Hausawa na girma. Na gaya musu. Suka ce to yaushe aka yi baikon? Wa ya ci dabinon? A unguwarku ba wanda ya ji labari. Kuma akwai iyalai da yawa da suke jiran a cire wani su shiga, su ma ba su da wurin kwana.” Ta cire hularta ta yi fifita da ita. “Ni ki gaya mini tsakaninki da Allah. Nemanki yake?”

Na buɗe baki. In na ce e, na yi wa mutum ƙaryar abin da bai taɓa furtawa ba. In na ce a'a, na rushe mana gida da bakina, kuma wataƙila shi ma ƙarya ce.

“Ban sani ba,” na ce.

Ta dube ni ta daɗe. Ina jin ta yi zaton kunya ce, don har ta ɗan murmusa. Ta ce dattawan za su zo da kansu ranar aiki ta gaba, lokacin fatur, su gani da idonsu.

Da yamma na zayyana wa su Umma komai. Tana tankaɗen garin dawa a rumfa, Baba yana kishingiɗe a gadon igiya da carbi. Kaji suna ta shiga tsakanin ƙafafunmu. Baba ya ja carbinsa har ƙarshe.

“Abu mai sauƙi ne,” ya ce. “Zan kira shi a gabansu. In ya zauna ya sa hannu a tirena, magana ta mutu.”

“Ba zai zo ba,” in ji Umma. “Yaron nan taurin kai gare shi. Sai an gaya masa tun yau.” Ta juyo gare ni. “Ɗauko wayarki.”

“Ni, Umma?”

“A'a, ni. Ni zan rubuta wa saurayi saƙo da tsufana.”

“Umma, in ya ci fa?”

“In ya ci mun sami gida.”

“Ai in ya ci, ya nuna ke nan ba ya...” Na kasa ƙarasawa, Baba yana wurin.

Umma ta ajiye rariya. Ta dube ni irin kallon da take yi wa kisra in tana son ta san ko ta gasu. Baba ya tashi da ƙyar ya ce bari ya je masallaci, alhali ko kiran farko ba a yi ba.

“Ilaf,” ta ce bayan ya fita, “son shi kike?”

Na shiga tsinke zaren bakin mayafina.

“To ki saurare ni. Ni na jawo wannan, na sani, bakina ne ya riga hankalina. Amma ki dubi jinkar nan. Ta wani ce. In kaka ta wuce, ina za ki kwantar da ubanki da wannan bayan nasa? A makaranta tare da 'yan gudun hijira? Su ma sun cika ta.” Ta sake ɗaukar rariya. “Na shekara talatin ina share tsakar gidan da ba nawa ba. In yaron nan mai sonki ne, loma ɗaya ba za ta kashe son ba.”

“In kuma ya ci saboda dama can babu komai a ransa fa?”

“To kin huta da wasiwasi.”

Haka Umma take, komai a wurinta yana da gefen da za a kama shi. Na shiga gutiyyarmu na zauna bakin gado. Na rubuta, na goge. Na rubuta “Ya Tukur, don Allah”, na goge don kada ya ce roƙo nake. Na rubuta “kada ka ci”, na tsorata da kaina na goge da sauri. A ƙarshe ga abin da na tura:

“Gobe lajna za su zo lokacin fatur. Sun ce kai ɗan haya ne tunda ba ka ci da Baba. Baba zai kira ka. Umma ta ce ka ci.”

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Har aka kira magariba. Sai ga shi:

“Na ji na Umma. Ke fa me kika ce?”

Masu karatu, me zan ce? In ce ka ci, in zama na gaya masa ban damu da kunyarsa ba, gida kawai nake so? In ce kada ka ci, in jefa iyayena a titi saboda in san matsayina a zuciyar mai raksha? Na riƙe wayar har ta yi zafi a hannuna. Ban amsa ba.

Da safe na sa abayar aikin nan tawa mai tabon siminti, amma sai na tsinci kaina gaban madubi ina zizara kwalli. Umma ta gani ta kau da kai. Ita kuwa tob ɗinta na zuwa biki ta ɗauko, ruwan zuma mai ɗigon zinariya, ta cika tire har yana nishi: kisra, miyar busasshiyar kuɓewa, wake da man riɗi, har da agashe, tsiren garin nan, ta aika aka sayo, naman da rabonmu da shi tun Sallah. Tukur ya gaida su Baba a durƙushe kamar kullum, ni ko kallo ban samu ba.

Muka yi aiki. Na zuba ƙasa, ya danna ƙarfe. Yau babu waƙa.

Da rana ta ɗaga, dattawan lajna suka iso da jallabiyoyinsu farare, Ustaza Batoul tana biye. Suka zauna a inuwar da take kallon tamu, wai shayi suke sha. Duk iyalan da suke wurin kowa ya buɗe tirensa amma ido yana kanmu. Tukur ya riga ya zagaya bayan tulin bulonsa, can ƙetaren fili.

Umma ta buɗe tire a gaban Baba. Baba ya wanke hannu, ya gyara murya.

“Tukur. Taso mu ci.”

Ina tsaye kusa da Umma, kaina a ƙasa, ina addu'a biyu masu karo da juna. Ya Allah ka sa ya zo. Ya Allah kada ya zo. Ban san wadda mala'iku suka rubuta ba.

Sai na ji motsi. Ban iya ɗaga kai ba, inuwarsa kawai na gani ta faɗo kan tabarma. Na ji ƙarar ruwan buta. Na ji ya ce bismillah. Da na ɗago, hannunsa yana cikin tiren Babana, ya yanko kisra ya dangwala a miya ya kai baki.

Ya ci. A gaban kowa, ba gardama, kamar yadda yake ci shekara da shekaru. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, “Halas, shi ke nan, ɗan gida ne,” sauran suka gyaɗa kai suka koma kan shayinsu. Ustaza Batoul ta ɗaga mini gira ta wuce. Umma ta damƙe hannuna ta matse har na ji zafi, tana ta hamdala ƙasa-ƙasa. Mun tsira da gidanmu. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, wallahi na yi. Amma hawaye ne suka cika mini ido, na ce bari in ɗebo ruwa, na bar wurin.

Ban nufi randa ba, ƙafata bayan tulin bulon nan ta kai ni, inda ba mai ganina. A nan na gan su. Takalmansa na tayar mota, a jere, kusa da ledar gurasarsa.

Na juya na dubi filin da ya ratso. Ƙasa ce baƙa da ta sha rana tun safe, ga tsakuwa, ga ƙayar aduwa ko'ina. Mu da takalmi ma sai mun yi hattara. A haka ya taka ta ba takalmi tun daga nan har tabarmar Baba. Na leƙa ta gefen bulo na ƙare musu kallo. Ashe ba fuskantar Baba ya yi ba, a karkace ya zauna a can bakin tabarma, kafaɗarsa ce take kallon tire, kansa a sunkuye. Baba kuwa, mutumin da ya kira shi, ya juyar da fuska yana kallon dutse, hannunsa a kan gwiwa. Ko loma ɗaya bai kai baki ba. Dattawa sun ga mutum biyu a tire ɗaya sun gamsu. Ni kuwa na ga Babana yana jin kunyar Tukur.

Na sunkuya na ɗauke takalman daga rana don sun yi zafi. Ina riƙe da su wayata ta yi motsi a aljihu. Na hango shi ya tashi daga tabarma ya koma gefe, kansa a kan waya.

“Ilaf.”

Bai taɓa rubuta sunana ba sai yau. Na jira.

“Na ci saboda Baba ya sami rufi. Ba wanda ya biya ni komai. Kawuna ya daɗe yana jiran in ce masa ya je wurin Baba, tun kafin a fara ginin nan.”

Na jingina da bulo. Yana ta rubutu.

“Amma ranar da Umma ta kira ni suruki, mutum na biyu take nema. Jiya na tambaye ki kin yi shiru. Shekara nawa ina zuwa gidanku ba ki taɓa kallona ba sai da aka fara gini. Ki gaya mini gaskiya, ba zan daina zuwa aiki ba ko me kika ce. Ni kike so, ko gidan ne yake so na?”

Na karanta, na sake karantawa. Duk makonnin nan ina tuhumarsa, ban taɓa zama na tuhumi kaina ba. Yaushe na fara ganin gemun nan da tabon gira? A bakin inji. Yaushe zuciyata ta fara bugawa in saƙonsa ya shigo? Bayan ya zama shi ne tsakaninmu da titi. In da Naziru bai tafi yankan riɗi ba, da har yau shayi kawai nake miƙa masa ina kallon wani wuri? Na laluba cikina ina neman inda son gidan ya ƙare nasa ya fara, na kasa samun wurin.

Na fara rubutu. Na goge. Na san yana ganin alamar ina rubutu, yana ganin ta ɓace.

Da na ɗaga kai, ya sa wayar a aljihu ya taso. Yana tahowa a hankali, yana ɗaga ƙafa saboda zafin ƙasa, idonsa a kaina karo na farko. A bayansa Umma ta miƙe tsaye da murfin tire a hannu tana kallonmu. Ni kuwa ga ni tsaye da takalmansa a hannuna, kuma wallahi ban san amsar ba.